Kason Damisa a Littafin Lissafi: Yadda Ake Ɗibar Namun Daji Ba Tare da Cinye Iri Ba

Duk wanda aka ɗora wa alhakin gandun daji, ko tafki, ko wani yanki na teku, tambaya ɗaya ce za ta riƙa dawo masa kowace shekara: nawa za a ɗiba? Mafarauta na jiran lasisi, masunta na jiran a buɗe ruwa, makiyaya na kukan kura ta yi musu ɓarna, hukuma kuma na jiran kuɗin shiga. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe wa barewa littafi daban, a buɗe wa damisa littafi daban, kamar ba a dawa ɗaya suke kwana ba. Garken dabbobi uwar kuɗi ce, ƙaruwar da yake yi a shekara ita ce riba, kuma kafin ɗan Adam ya miƙa hannu akwai abokin tarayya da ya riga ya ɗauki nasa kason da haƙori. Jagorar nan a kan yadda za a sa kason nan cikin lissafi take. A cikinta zan kira dabbar da ke farautar 'yar'uwarta maciyi, wadda ake farauta kuma in ce garke.

Mataki na farko: san wa ke cin wa

Ɗauki takarda ka rubuta dabbar da kake son ɗiba a tsakiya. A sama ka jera masu cinta, a ƙasa abin da ita take ci, a gefe kuma sauran dabbobin da maciyan nan ke komawa kansu idan ta yi ƙaranci. Gefen nan shi aka fi mantawa. Zaki ba ya yin azumi don ɓauna ta ragu. Ko dai ya koma kan gwanki, ko ya nufi shanun mutane.

Wannan tunani ya samo asali ne daga kasuwar kifi. Wani masanin halittu ɗan Italiya, Umberto D'Ancona, ya bi bayanan kifin da aka sauke a tashoshin tekun Adiriyatik, sai ya ga abin mamaki: a tashar Fiume, kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su shak, kusan kashi 12 cikin 100 ne na kamu a 1914, amma zuwa 1918 sun kai kusan kashi 36. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana jiragen masunta fita, kuma maciya ne suka fi cin moriyar hutun. Ya kai wa surukinsa Vito Volterra, masanin lissafi, wanda ya fitar da bayaninsa a 1926, shekara ɗaya bayan Alfred Lotka ya fitar da makamancinsa a Amurka. Abin da lissafin ya nuna shi ne: idan ana ɗibar maciyi da garke bai ɗaya, matsakaicin yawan garke kan ɗan hau, na maciyi kuma ya sauka. Don haka ko wane ɓangare ka taɓa, ɗayan zai amsa.

Mataki na biyu: ƙidaya, kuma kada ka amince da kamu

Ba za ka ƙirga kowace dabba ba, kimantawa za ka yi. A fili mai sarari ana bi da jirgin sama ko mota a kan layukan da aka tsara, a ƙirga abin da aka gani cikin faɗi sananne, sannan a ninka. Dabbobi masu ɓoyo, kamar damisa, kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya ce ke kama su, kuma zanen jikin kowace daban yake, don haka ana gane su ɗai-ɗai. Ƙananan dabbobi da kifi kuwa akwai hanyar sa alama: ka kama 200 ka sa musu alama ka sake su. Bayan sun gauraya, ka sake kama 150. Idan 30 daga ciki na da alama, wato ɗaya cikin biyar, to 200 ɗin nan ɗaya cikin biyar ne na duka, ke nan suna wajen 1,000.

Abin da nake so ka guje wa shi ne auna yawan dabba da yawan abin da ake kamawa. Kifin kod na gabar Newfoundland a Kanada ya koya wa duniya wannan da tsada. Yana raguwa yana ƙara cunkushewa wuri guda, jiragen zamani kuma na gano cunkoson da na'ura, sai raga ta ci gaba da cika har aka kusa ƙarar da shi. A watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutane wajen 30,000 suka rasa aiki. Ragar da ta cika labarin gwanintar masunci take bayarwa.

Ƙidayar shekara ɗaya ma ba ta isa ba. Bayanan fatun da kamfanin Hudson's Bay ya riƙa saya a Kanada sun nuna zomon ƙanƙara da kyanwar dajin da ke cinsa suna hawa da sauka a zagaye na kusan shekara 10, kyanwar na bin bayan zomon. Wanda ya yi ƙidaya a shekarar yalwa ya kafa adadin ɗiba a kanta, to a shekarar ƙaranci uwar kuɗi zai yanka.

Mataki na uku: fitar da ribar garke

Nan ne zuciyar aikin, don haka bari mu zauna da alƙalami. Garke ba ya ƙaruwa bai ɗaya. Idan ya yi kaɗan, masu haihuwa kaɗan ne. Idan ya cika dajin, ciyawa da ruwa sun gaza, haihuwa da mutuwa sun yi kunnen doki. A tsakiya ne ƙaruwar ta fi yawa.

Mu ƙaddara wani daji da iyakar abin da zai iya ciyarwa barewa 10,000 ne, kuma idan babu cunkoso barewar na ƙaruwa da kashi 40 cikin 100 a shekara. Ƙaruwar shekara ita ce: kashi 40 na garken da ke nan, a ninka da kason gurbin da ya rage a dajin. Idan barewa 5,000 ne, kashi 40 ɗinsu 2,000 ne, rabin gurbi ya rage, ƙaruwa 1,000. Idan 7,000 ne, 2,800 sau kashi 30 cikin 100, 840. Idan 8,000 ne, 640. Idan 2,000 ne, 800 sau kashi 80 cikin 100, shi ma 640.

Dubi 640 ɗin nan da ya fito sau biyu. A takarda ɗaya ne, a daji kuwa tsakaninsu sama da ƙasa. Mai garken 8,000 idan ya zarce ya ɗebi 800, garken zai ragu kaɗan, raguwar kuma za ta sa ƙaruwa ta hau, kuskuren ya gyara kansa. Mai garken 2,000 idan ya yi wannan kuskure, garken zai ragu, ƙaruwa ta ƙara raguwa, badi gibin ya fi na bana, haka har a wayi gari babu komai. Shi kuwa 1,000 na tsakiya, wanda littattafai ke kira mafi yawan ɗiba mai ɗorewa, a bakin rami yake tsaye: fari ɗaya, ko kuskure kaɗan a ƙidaya, ya isa ya tura ka gefen da ba a dawowa da sauƙi. Ni dai ban ga hikimar mayar da shi abin nema ba. Iyaka ce da ake gani daga nesa a tsaya.

Kuɗi ma abin da suke faɗa ke nan. Neman dabba a cikin garken 7,000 ya fi arha a kan nemanta a cikin 5,000: mai kaɗan, kwana kaɗan. Idan ka cire kuɗin fita daga kuɗin abin da aka samo, riba mafi tsoka tana gefen garke mai yawa, ko da adadin da aka ɗiba bai kai 1,000 ba.

Mataki na huɗu: cire kason maciyi

Mu tsaya a garken 7,000 mai ƙaruwar 840. A ce akwai damisa 12 a dajin, kowace na cin barewa 50 a shekara. Kasonsu 600. Abin da ya rage wa mafarauta 240 ne. Wanda ya sayar da lasisi 840 ya sayar da abin da aka riga aka cinye.

Hattara da abu biyu a nan. Idan a dajin da damisar ke ciki ka auna ƙaruwar garken, to kasonta ya riga ya fita, kada ka cire sau biyu. Sannan ba duk barewar da damisa ta ci ba ce za ta kai badi. Akwai tsofaffi da marasa lafiya da rani zai ɗauke ko da damisa ko babu. Saboda haka kashe damisa ɗaya ba ya ba ka barewa 50 cur. Mafarauci kuwa lafiyayya yake zaɓa, mai ƙiba, sau da yawa mai haihuwa, don haka barewarsa ɗaya ta fi ta damisa nauyi a kan garken.

Akwai inda ake aiki da wannan lissafi a zahiri. A tekun Barents, Norway da Rasha na kama kifin kod da kuma ƙaramin kifin kafelin da kod ke ci. Kafin su yanke adadin kafelin, sai an kimanta abin da kod zai ci, a tabbatar kuma aƙalla tan 200,000 za su rage su yi ƙwai. Idan lissafi bai kai ba, ba a buɗe kamun a shekarar, kuma an sha rufewa. Dalilin na kasuwa ne: kafelin da ya shiga cikin kod ya zama kifi mai tsada, wanda aka kama kai tsaye kuwa a da galibi gari da mai aka riƙa yi da shi. Peru ta bi ɗaya hanyar da ƙaramin kifinta ancobeta, ta kama sama da tan miliyan 12 a 1970, ruwan teku ya ɗumama a 1972, kamun ya rushe, tsuntsayen tekun da ake sayar da kashinsu a matsayin taki su ma suka ragu ƙwarai.

Mataki na biyar: sa wa maciyi farashi ta fuska biyu

Fuskar asara a bayyane take. Idan lasisin barewa ɗaya ya kai 100 a kuɗin wurin, damisa mai cin 50 tana laƙume abin da bai wuce 5,000 ba a shekara, sai a ƙara dabbobin gida da ta kashe. Wannan kowa na iya lissafa shi, shi ya sa hujjar kashe maciya kan yi saurin shiga kunne.

Fuskar amfani ce ke ɓoye, don galibi ɓarnar da ba ta faru ba ce. A tsibirin St. Matthew na Alaska an saki barewar ƙanƙara 29 a 1944, babu maciyi ko ɗaya. Zuwa 1963 sun kai 6,000, sun cinye abincin tsibirin, hunturu mai tsanani ya zo, a 1966 aka tarar da 42. A tsibirin Macquarie na Ostiraliya an kashe kyanwa ta ƙarshe a 2000 don a ceci tsuntsaye, sai zomaye suka yi ambaliya suka aske ciyayi, aka kashe kusan dalar Ostiraliya miliyan 25 kafin a 2014 a ce an gama da su. A jihar Wisconsin ta Amurka kuwa, wani bincike na 2021 ya gano haɗarin mota da barewa ya ragu da kashi 24 cikin 100 a yankunan da kyarkeci ya dawo, mafi yawa saboda barewar ta rage kusantar titi. Wannan kuɗi ne da direbobi da kamfanonin inshora suka tsira da shi, amma ba ya shiga aljihun makiyayin da aka cinye wa maraƙi.

Kada kuma a wuce gona da iri. An kawo kyarketai 31 daga Kanada zuwa gandun Yellowstone na Amurka a 1995 da 1996, garken manyan barewar elk na arewacin gandun ya sauko daga wajen 19,000 zuwa ƙasa da 5,000 cikin shekara 20. Sai dai a lokacin akwai farautar mutane a wajen gandun, akwai fari, akwai sauran maciya. Mai lissafin da ya jingina komai ga kyarkeci ya yi wa kansa sauƙi ne kawai.

Mataki na shida: duba gobe, sannan duba waye mai ita

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da masanin lissafi Colin Clark ya bayyana a 1973. Idan dabba na ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 a shekara, kuɗi kuma na iya haihuwar kashi 10 a wata harka, to ɗan kasuwar da riba kawai yake kallo zai ga ya fi masa ya kwashe garken duka ya juya kuɗin. Giwa na ɗaukar ciki wata 22. Ita da dabbar teku wel da manyan maciya duk a wannan rukuni suke. Zomo kasuwa ba ta iya ƙarar da shi cikin sauƙi, amma masu jinkirin haihuwa sai doka ta tsaya musu, kuma dalilin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji ke nan. Don haka ka gwada saurin ƙaruwar kowace dabba da ribar da masu ɗiba ke iya samu a wani wuri. Inda ta gaza, kada ka dogara da cewa mai amfana zai kiyaye ta da kansa.

Sai batun mallaka. H. Scott Gordon ya nuna tun 1954 cewa inda kowa ke iya shiga ya ɗiba, mutane za su yi ta ƙaruwa har riba ta koma sifili, don wanda ya bar dabba yau wani ne zai kama ta gobe. Maganin ba lallai ne ya zama hukuma ko attajiri ɗaya ba. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta tattara misalan al'ummomin da suka daɗe suna kula da dukiyar tarayya: iyaka sananniya, dokar da masu amfani suka sa hannu a cikinta, masu sa ido daga cikinsu, da hukuncin da ke farawa da sauƙi ya riƙa tsananta.

Mataki na bakwai: rubuta dokar ɗiba kafin lokacin ɗiba

Kada ka kafa adadi ɗaya na dindindin. Ka kafa kaso, misali kaza cikin 100 na ƙidayar bana, ta yadda idan garke ya sauka ɗiba ta sauka tare da shi. Ka kafa iyakar ƙasa: idan barewar misalinmu ta yi ƙasa da 5,000, an rufe, babu taro babu roƙo. A rubuta wannan tun ana yalwa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka bar rata saboda kuskuren ƙidaya da masu farauta ta bayan fage. Daga 240 ɗin nan, ni 180 zan sayar.

Wace dabba aka ɗauka ya kai nawa aka ɗauka muhimmanci. A garken da namiji ɗaya ke bin mata da yawa, ɗibar maza ba ta rage haihuwa sosai. A zaki abin ya sha bamban: idan aka harbe namijin da ke riƙe da gida, baƙin mazan da suka gaje shi kan kashe 'ya'yan da suka tarar, harsashi ɗaya ya ci rai da yawa. Binciken da aka fitar a 2004 daga bayanan Tanzaniya ya nuna idan aka taƙaita farauta ga mazan da suka kai shekara 6, ɓarnar kan ragu ƙwarai. Kuma maciya kullum kaɗan ne. Cire 3 daga damisa 12 rubu'i ne.

Ƙarancin kansa haɗari ne. A tsibirin Isle Royale na Amurka, inda ake bin kyarketai da ƙatuwar barewar mus tun 1958, kyarketai sun kai 50 a 1980, cuta ta mayar da su 14 a 1982, auratayya tsakanin dangi ta raunana su har suka rage 2 a 2016. Sai da aka kawo wasu daga waje tun daga 2018.

Mataki na takwas: wa ke shan wahala, wa ke karɓar kuɗi

Lissafi zai iya fita daidai a ofis ya mutu a daji, idan ya zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Mai kwana kusa da zaki shi ke biyan kuɗin zakin, kuma idan babu abin da ke dawo masa, guba na da arha. Zimbabwe ta fara shirin CAMPFIRE a 1989 don kuɗin farauta ya isa gundumomi da ƙauyuka, kodayake an sha kukan kason kan maƙale a hanya. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba al'ummomi ikon namun dajin yankinsu, yanzu akwai irin waɗannan yankuna sama da 80. Kenya ta hana farauta tun 1977 ta dogara da masu yawon buɗe ido, Botswana ta hana a 2014 ta janye a 2019. A Amurka, tun 1937 harajin bindiga da harsashi ke tafiya asusun kula da namun daji. Kowace hanya da tata matsalar, amma tambayar da za ka yi mata ɗaya ce: nawa ke isa hannun wanda aka ci wa akuya, kuma cikin wata nawa?

Diyya ma tana da dabara. Idan gawar dabba ake biya, mai sakaci ya fi mai tsaro samu, gardama kan abin da ya kashe ta kuma ba ta ƙarewa. Suwidin ta juya abin tun 1996: makiyayan Sami, ƙabilar arewacin ƙasar masu kiwon barewar ƙanƙara, ana biyansu ne bisa yawan haihuwar maciya, irin su kyanwar daji, da aka tabbatar a yankin kiwonsu. Kuɗin na zuwa ko an ci dabba ko ba a ci ba, don haka duk wadda makiyayi ya tsare riba ce gare shi, kuma maciyi mai rai ya zama abin da ake nuna wa jami'i maimakon a binne.

Mataki na tara: badi a sake

Kowace shekara, a wata ɗaya kuma da hanya ɗaya, a maimaita ƙidaya. A ajiye bayanin kowace dabba da aka ɗauka: jinsi, shekaru daga haƙori, nauyi, wuri, da kwanakin da aka yi kafin a same ta. Sai ka ɗora abin da ka yi hasashe bara kusa da abin da ka tarar. Idan ka ce garke zai tsaya a 7,000 ka tarar da 6,300, nemi inda 700 suka shiga kafin ka buga lasisi ko ɗaya. Idan shekarun dabbobin da ake kawowa na raguwa, ko kwanakin nema na ƙaruwa, ko koken makiyaya ya yawaita alhali maciya ba su ƙaru ba, rage adadin bana ko da ƙidaya ta ce lafiya lau, ka kuma ninka layukan ƙidaya a zagaye mai zuwa.